Abin da Muka Yanke Daga Labarin Kawu

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma a makon jiya Kawu ya riga mu tafiya. Ƙanin mahaifiyata ne. Ya rasu a gidansa na Wurno ranar Talata da hantsi, bayan jinyar da ba ta daɗe ba, aka kai shi kafin azahar.

Kwana uku na yi a kan tabarmar makoki ina amsa gaisuwa, kuma ban ɓoye ba, kwana ukun nan raina a ɓace yake. Manoman fadama sun zo sun yabi irin albasarsa. Liman ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba. Wani tsoho da suka yi firamare tare ya gyara zama ya ce, "Allah shi gafarta mai. Mutumen kirki na, in ka ɗebe wasan ga da yaɓ ɓata ƙuruciyatai gare shi, ƙattai suna tsalle da gajeren wando." Aka yi dariya kaɗan, aka ce amin. Shi ke nan abin da aka faɗa game da shekarun da ya yi yana horar da 'yan ƙwallon kwando a kwalejin horon malamai.

A rana ta biyu wani dogon mutum mai furfura ya sauka daga kan babur, ya cire takalmi, ya yi ta'aziyya da Sakkwatanci tsantsa, sannan ya zauna can bakin tabarma. Da aka ɗaga hannu ana addu'a ya sunkuyar da kai. Na ji na kusa da ni yana raɗa, "Wanga dogon, ɗan wa na?" Ba wanda ya amsa masa. Ni na gane shi tun kafin ya kashe babur, amma na yi kamar ina gyara hula. Ba a jima ba jikar Kawu ta fito ta ce Inna, matar marigayi, ta ce dogon ya shiga ciki. Alhazawa da masu sarauta suna zaune ba a kira su ba, aka kira shi. Shi ne wanda a da ake ce wa ɗan nas, saboda mahaifiyarsa ma'aikaciyar asibiti ce a Goronyo, Kirista daga kudancin Kaduna.

Ni ma'aikacin rediyo ne, labarin wasanni nake kawowa tun ina da gashi baƙi. Saboda haka mutuwar nan ta zo mini da aiki biyu, na ɗa da na mai ba da labari, kuma na biyun ne ya hana ni sukuni.

Kawu ba mutum ne mai daɗin zama ba. Usur ɗinsa a ɗaure yake da igiyar takalmi, goro kullum a kunci ɗaya, kuma ban taɓa jin ya ce wa yaro ya yi ƙoƙari ba. In ka jefa ƙwallo ta shiga, sai ya kalli ƙafarka ya ce ka tsaya kamar mai jiran mota. "Ƙahwa tukuna, kana hannu," haka yake maimaitawa har yara suka mayar da ita gaisuwa a bayan idonsa. Ƙarfen kwandon filinsu wani maƙeri ya lanƙwasa masa a Rabah, sau uku yana mayar masa da shi don ya ce bai yi daidai ba, har maƙerin ya rantse ba zai sake yi wa ɗan boko aiki ba. Ƙwallo ɗaya suke da ita, ta sha faci a wajen mai gyaran taya fiye da yadda ta sha wasa. Mutanen gari kuwa ba su ɗauki abin a bakin komai ba. Su ƙwallo ta ƙafa ce, wadda ake kamawa da hannu wasan 'yan mata ce.

Ɗansa na cikinsa ya shekara biyu a benci, bai sa shi a wasa ba. Inna ta yi magana, ta aika mahaifiyata ta yi magana, Kawu ya ce yaron hannunsa na riƙe alƙalami ne, kuma ya kamata a gode wa Allah da hakan.

A kwalejin akwai 'ya'yan gari, akwai 'ya'yan baƙi, wato na malamai da ma'aikatan asibiti da aiki ya kawo iyayensu daga wasu jihohi. Ba a faɗa, ba a zagi. Kowa dai ya san gefensa a ɗakin cin abinci. A bakin filin wasa akwai randa, a kanta moda biyu, ɗaya an ɗaura mata jan tsumma a mariƙi don 'ya'yan baƙi. Ba wanda ya rubuta dokar nan, kuma ba wanda ya taɓa karya ta. Na je hutu wajensa wata shekara, ina tsaye ranar da ya lura da abin. Ya ɗauki mai jan tsumman ya juya ta, ya tambayi mai kula da randar mece ce wannan. Aka yi masa bayani. Ya tafi da ita gida ya zuba wa kaji dusa a ciki. Washegari ya tara su ya ce, "Moda guda ta. Wanda ba shi iya sha bayan ɗan'uwanai, ba shi iya miƙa mai ƙwallo. Shi tahi shi yi langa."

Yara biyu suka daina zuwa. Mahaifin ɗaya daga cikinsu, babban mutum a unguwarsu, ya daina amsa sallamar Kawu a kasuwa, ya kuma kai ƙara wajen shugaban makaranta. Shugaban ya roƙi Kawu ya dawo da modar don a zauna lafiya. Kawu ya ce kaji sun riga sun saba da ita.

Akwai kuma wani ɗan Fulani daga wata ruga a bayan Gandi, siriri, wanda in ya miƙa hannu sai ka ga kamar ba zai ƙare ba. Da rani ya yi, mahaifinsa ya janye shi daga makaranta don ba mai bin shanu. Kawu ya hau babur ya je har rugar. Tsohon ya ce in ana son yaron ranar wasa, to a kawo wanda zai tsaya wa shanun. Kawu ya cire usur ya sa a aljihu, ya karɓi sanda. Yini guda ya yi yana kiwo, wani bijimi ya bi shi har ya hau kan gawo, ya dawo gida da ƙaya a tafin ƙafa. Tsohon ya yi dariya har ya yi hawaye, ya ce mutumin da zai yi wannan wauta saboda ɗan wani a ba shi yaron. Kawu bai taɓa ba da labarin nan da bakinsa ba, Inna ce ke ba mu in yana masallaci.

Shekarar da suka kai wasan ƙarshe na gasar kwalejoji a birnin Sakkwato, na fara aiki ke nan a rediyo, kuma ni aka tura. Da safen wasan masu shirya gasa suka ce kowane ɗan wasa ya nuna takardar shaidar cewa shi ɗan asalin jiha ne. Ɗan nas a Goronyo aka haife shi, a nan aka yanke cibiyarsa, amma ba shi da takardar. Ɗan Fulanin kuwa bai ma san akwai irinta ba. Aka ce wa Kawu ya ajiye su biyun ya sa wasu. Ya zaunar da yaransa duka a tsakiyar fili, shi ma ya zauna a kan ƙwallo yana cin goro. Manyan baƙi sun riga sun cika rumfa, makaɗa sun gaji da kiɗa, rana tana yi. Wani jami'i ya zo ya yi masa magana a kunne, Kawu ya amsa da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ku ba waɗancan kofin, mu tahi gida. Amma ka hau bisa ka gaya ma mutane don mi." Ba wanda ya yarda ya hau. Aka busa usur.

Sun ci. Ana daf da tashi, ɗan Fulanin ya tsinke ƙwallo daga hannun abokin hamayya ya wurga wa ɗan nas, shi kuma ya jefa daga nesa ta shiga ba ta taɓa ƙarfe ba. Ina wurin, da idona na gani, na yi ihu har na manta ina riƙe da rikoda.

To ga inda nawa laifin ya shigo. A wancan zamani in za mu karanta sunayen 'yan wasa a rediyo, ba suna kawai muke faɗa ba. Sai mu ce wane ɗan gidan wane, na unguwa kaza a Wurno, jikan wane na Rabah. Abin da masu sauraro ke jira ke nan, don a ji gidansu a iska. Na zauna zan rubuta, na jera 'ya'yan gari uku da gidajensu da kakanninsu, har da ɗan kirari. Da na iso kan su biyun sai alƙalami ya tsaya. Ɗan gidan wa zan ce? Kwatas ɗin asibiti ba gida ba ne a kunnen masu sauraronmu, ruga kuma ba unguwa ba ce. Babbanmu na lokacin ya leƙo ta kafaɗata ya ce in rubuta "da sauransu" in wuce. Na rubuta. Ƙwallon ƙarshe kuma na ce yaran Wurno ne suka jefa ta. Zaman da aka yi a tsakiyar fili ban ko ambace shi ba.

Bayan kwana biyu Kawu ya zo gidan mahaifiyata da rana tsaka. Bai zauna ba, bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

"Kai, wa yaj jehwa ta ƙarshe?"

Na faɗi sunan.

"Ashe ka san shi. Wa yam miƙa mai?"

Na faɗi wannan ma.

"To mi yah hana bakinka hwaɗi can inda aka jinka? Ni nan ka ishe ni da suna?"

Na fara yi masa bayanin yadda ake aikin rediyo, da cewa ni ƙarami ne a wurin, da cewa ba gidan da zan jingina su. Ya bar ni na gama tsaf. Sannan ya juya wajen yayarsa ya ce, "Yaya, ɗanki ya iya magana. Allah shi ƙara mai." Ya fita. Sallah biyu ta wuce bai yi mini magana ba. Daga baya muka shirya kamar yadda dangi ke shiryawa, ba wanda ya ta da zancen. Na yi shekaru ina da shiri nawa na kaina duk mako, makirfo a gabana, ba mai leƙo ta kafaɗata, amma ban taɓa gyarawa ba. Kullum sai in ce abu ya wuce, wa zai tuna.

Ranar makokin, da ɗan nas ya fito daga wajen Inna, na bi shi wajen babur ɗinsa. Ya yi ritaya daga aikin asibiti, yana nan Goronyo, jikokinsa ma can aka haife su. Na ce masa ina so in nemi gafara a kan wani tsohon abu. Ya yi murmushi ya ce ya san abin.

"Ran nan mamata ta dahwa shinkahwa," in ji shi. "Ta kira maƙwabta, anka aza rediyo bisa turmi tsakar kwatas. Da anka gama ba ta ji sunana ba, tac ce wataƙila rediyon na yay yi shiii daidai wurin. Wanshekare da anka maimaita shirin ta sake batir ta zauna ita ɗai."

Na tambaye shi labarin ɗan Fulanin. Ya ce ɗan Fulanin ya bugo wa Inna waya ya yi kuka, amma ba zai iya zuwa ba. Rugarsu ta watse tun da 'yan bindiga suka addabi yankin, sun kwashe masa shanu, kuma yanzu in ya shigo kasuwar gari da sandarsa kallon ɓarawo ake yi masa. Ɗan nas ya tayar da babur ya ce zai koma tun da sauran rana.

Mu uku muka dawo Sakkwato a mota ɗaya bayan addu'ar uku: ni, da editanmu wanda na kusa haifarsa, da wani abokina Bazazzagi mai rubuta wa jarida labarin wasanni. Tun kafin mu kai Achida gardama ta kaure a kan abin da za a faɗa game da Kawu.

Abokina har ya tsara kanun labarinsa. "Gwarzon haɗin kan ƙasa," in ji shi yana zana shi a iska da yatsa. "Mutumin da ya rungumi kowa, ya share wa marasa gata hawaye. Irin wannan ake so yanzu, zai yi yawo a waya sosai."

Na ce masa Kawu bai taɓa rungumar kowa ba, ko 'ya'yansa. Kuma yaran nan ba marasa gata ba ne da aka taimaka wa, su ne suka fi kowa iya wasa, su suka ciyo kofin. In ya rubuta haka ya mayar da su kayan ado a labarin wani.

"To wa zai karanta labarin tsoho mai baƙin rai?" ya ce. "Kai ma ka san sai an ɗan shafa masa mai."

Edita, wanda ke tuƙi, bai so ko ɗaya ba. "Baba, ku yi haƙuri," ya ce da ni. "Lokacin ga da muke ciki, ka hau iska ka ce Bahillace, ka ce Kirista, ka ce takardar asali, ka ce moda? Kahin ka sauka an yanki maganag ga an watsa, kowa shi ɗauki gehen da shika so. Wani shi ce muna zagin gari, wani shi ce muna wanke ɓarayi. Ku ce ya horar da matasa, ya ciyo kohi, ya zauna lahiya da kowa. Ba ƙarya ciki."

"Bai zauna lafiya da kowa ba," na ce. "Rabin unguwarsu sun shekara ba su gaishe shi ba."

"To wannan za mu hwaɗi ga mamaci?" in ji edita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugun mutum a motar nan. Edita tsoron da yake ji na gaske ne, na ga abin da ɗan guntun murya ke jawowa a garin nan. Abokina kuma da zuciya ɗaya yake son a yabi Kawu. Amma ɗaya yana so a rufe abin da ya yi, ɗayan yana so a lulluɓe shi da zuma har ba a gane shi, kuma duka biyun hanya ce ta kauce wa faɗin cewa an taɓa ɗaura jan tsumma a moda, mu ne muka ɗaura, iyayenmu ne suka kai ƙara da aka cire. Na faɗa musu haka, na ƙara da labarin abin da na yi da bakina a rediyo. Muka wuce shingen 'yan sanda. Sannan abokina ya ce wannan ai labarina ne, ba na Kawu ba, edita kuma ya ce in naɗo duk abin da nake so, zai saurara.

Na naɗa. Na faɗi randa, na faɗi ruga, na faɗi zaman tsakiyar fili, na kira sunayen mutum biyun nan cikakku, na ce su suka ci wasan, na ce ni ne na ɓoye su. Na miƙa wa edita. Ga gaskiyar da ba na jin daɗin rubutawa: shirin nawa ne, ina da ikon in ce kai tsaye zan yi shi, ba mai yanka. Na san haka, na kuma san abin da zai faru in na miƙa naɗaɗɗe. Na miƙa ɗin.

Ranar Asabar da la'asar aka sa. Muryata ce daga farko har ƙarshe, an ɗinke ta da kyau ba ka jin tabo. Kawun da ya rage a ciki bayan yanka wani dattijo ne mai son matasa, mai haƙuri da juriya, wanda ya ɗaukaka sunan yankinsa. Jaridar abokina ta fito da nata gwarzon, da hoton wasu hannaye biyu suna musabaha waɗanda ba na kowa ba ne. Mutane suka yi ta bugo mini waya suna cewa na kyauta wa kawuna.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko da mutum goma ne za su karanta. Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san abin da ya tsaya a kai lokacin da tsayuwar ke da tsada, ba ka bukatar mu ba ka labari. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Mu kuma da Ka ba mu makirfo da alƙalami, Ka yafe mana abin da muka yi da su.

Ranar addu'ar bakwai na koma Wurno. Bayan an watse na shiga gaishe da Inna. Tana zaune a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba, tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na tambaye ta ko an kunna mata shirin.

"An kunna min," ta ce. "Na saurara har ƙarshe."

Ta watsar da tsakuwa biyu gefe, sannan ta dube ni.

"Mutumen ga da kab ba da labari nai, mai haƙuri, wanda bai taɓa ɓata ma kowa ba, Allah shi jiƙanai, ko wane na. Amma ni shekara hamsin da wani abu nike gidan ga, ban san shi ba. Yaushe za ka yi na kawunka?"